ZANCEN IYALI: Kafin Ku Sayi Gidan da Banki Ya Karɓe



A wannan wata za mu yi magana a kan gidajen gwanjo. Mutum yakan jinginar da gidansa ga banki ya ci bashi. In ya kasa biya, banki ya sa gidan a kasuwa. Sau da yawa kuɗinsa da sauƙi, shi ya sa iyalai da suka gaji da haya sukan yi ɗoki. Amma mu tuna, sauri ya haifi nawa.

Banki ba maƙwabci ba ne da za a roƙe shi ya jira kaka. Yakan rubuta wa'adi cikin yarjejeniya. Ka ba da kafin alƙalami, sa'an nan ka cika sauran kuɗi kafin rana kaza. In ranar ta wuce, yana yiwuwa a ɗora maka tara, ko kuwa kafin alƙalamin ya salwanta. Saboda haka duk aikin da za a yi, a gama shi kafin a sa hannu.

Da fari, ku ɗauki lauya ya je ofishin filaye ya bincika takardun gidan. Dokar filaye ta 1978 ta ce ba a sayar da fili mai takardar mallaka ko a jinginar da shi sai da yardar Gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta ce jinginar da aka yi ba tare da wannan yarda ba, ba ta da ƙarfi. To, in takardar banki ta gurgunce, me zai sayar maka? Lauyan ya kuma duba ko akwai ƙara a kotu a kan gidan.

Na biyu, ku je ku ga gidan da idonku. Akwai mutane a ciki? A rubuta wanda nauyin fitarsu ke kansa, da ranar ba da makulli. Ku tambayi bashin harajin fili, da na wuta da na ruwa, kada ku gaji bashin wani.

Na uku, maigida da uwargida su zauna su yi lissafi. Ban da kuɗin gida, akwai ladan lauya, kuɗin kan sarki, kuɗin rajista, da na neman yardar Gwamna a kan sabon cinikin. Kada a dogara ga adashin da ba a kwasa ba, ko alkawarin ɗan'uwa. Ubangijinmu da kansa, cikin Luka sura 14, ya yi misali da mai gini wanda ya fara bai yi lissafi ba, ya zama abin ba'a.

Abu na ƙarshe, kada mu manta gidan nan wani iyali ne ya rasa shi. In mun tarar da su a ciki, kada mu yi musu gori ko mu watsar da kayansu a titi. Mu nemi a ba su lokaci su sami wurin zama, a kuma rubuta wannan cikin yarjejeniya tun da wuri.

Allah ya ba kowane iyali inuwar kansa. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.