Wasiƙa Zuwa Ga 'Ya'yana Masu Tsara Shafin Biyan Kuɗi



 Ni tsoho ne a harkar ɗab'i da zane, na fara tun ana yanka hoto da almakashi a liƙa da gam. Da yawanku a shaguna irin nawa kuka koyi CorelDraw kafin Allah ya buɗa muku, yau ga shi kuna gina wa kamfanonin da ba ku taɓa taka ƙofarsu ba shafukan intanet, wasunku har da dala ake biyansu. Madalla. Hannunku ya fi namu tsabta, idonku ya fi namu sanin launi, aikin da kan cinye mana kwanaki ku a zama ɗaya kuke gamawa. Na yaba, na sauke nauyi. Sai mu shiga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Wani yaro daga cikinku ya kawo mini aikin da yake yi in sa masa albarka: shafin sayar da hotuna, irin wanda mai zane zai biya kuɗin wata ya riƙa sauke abin da yake so. Tunanin ya burge ni, domin mun gaji da neman hoton ɗan kasuwa mai babbar riga mu ƙare da Bature mai kwat. Ya nuna mini mashiga, maɓalli kore shar, ƙato, an rubuta "Gwada kyauta". Na ce to, nuna mini inda mutum zai danna in ya ce ya fasa. Ya shiga asusu, ya shiga saiti, ya gangara can ƙasa, ya buɗe wani wuri, sannan ga wani ɗan rubutu toka-toka a kan fari, sai da na gyara tabarau kafin in gan shi. Na ce me ya sa? Ya ce, "Baba, ai haka manyan kamfanoni suke yi."

To bari mu duba manyan nan, tunda su ne alƙiblarku.

Tsarin kuɗin wata ba shi da aibu a kan kansa. A 2003 wani matashi a New York, Jon Oringer, ya ɗauki hotuna kusan 30,000 da kyamararsa ya buɗe Shutterstock, ya ce a biya kuɗi ƙayyadadde a sauke hoto. Wannan ya sauƙaƙa wa ƙananan masu zane a duniya, mu ma mun ci moriyarsa, domin kafin nan hoto ɗaya mai lasisi ya fi ƙarfin aljihun irinmu. Ɓarnar daga baya ta shigo, sa'ad da kasuwar ta cika, kamfanoni suka gane cewa wanda ya manta bai soke ba, da wanda ya so sokewa ya kasa, su ma riba ce. Sai aka ƙirƙiro wani tsari mai fuska biyu: kwantiragin shekara, amma biya wata-wata. A fuskar shafi farashin wata ake nunawa da manyan lambobi. Shekarar kuwa tana can a lulluɓe, cikin ƙananan baƙaƙe, ko a bayan wata 'yar alama da sai ka kai linzamin kwamfuta kanta za ta buɗe.

Ba shaci-faɗi nake ba. A watan Yunin 2024 gwamnatin Amurka, ta hannun hukumar kula da cinikayya ta FTC da ma'aikatar shari'a, ta maka Adobe a kotu, kamfanin da ya mallaki Photoshop da Adobe Stock. Zargin shi ne yana tura mutane zuwa wannan tsari na shekara mai biyan wata, ba ya bayyana musu sarai cewa wanda ya fita kafin shekara ta cika zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage, kuma yana wahalar da mai son sokewa. Kamfanin ya musanta zargin a lokacin. Ni lissafin nake so ku yi da ni. A ɗauka kuɗin wata dala 30 ne. Mai zane ya shiga saboda aikin kalanda, ya yi wata 3, aiki ya ƙare, ya zo fita. Saura wata 9, wato dala 270. Rabinsa dala 135. Kenan kuɗin fita ya fi duk abin da ya biya tun shigarsa, wanda dala 90 ne. A New York wannan ɓacin rai ne na yini ɗaya. A nan fa? Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Dala 30 ɗin da ta kasance naira 13,800 ta koma 45,000 ba tare da kamfani ya ƙara ko sisi ba, tarar fita kuwa ta haura naira 200,000. Wannan kuɗin hayar shago ne a unguwanni da yawa.

Na ga irin wannan da idona a kan wani ɗan ɗakina, da wani kamfanin hotuna na waje wanda ba sai na kira sunansa ba. Ya shiga gwajin kyauta don hoto guda da zai sa a bayan katin biki, aka ce ya sa lambar kati "don tabbatarwa kawai". Ba a tuna masa ranar ƙarewar gwajin ba. Yana tsakiyar cin abinci alat ya shigo, ya ajiye cokali. Ya nemi sokewa, aka nuna masa kuɗin da zai biya kafin a sake shi. Ya rubuta musu, amsa ta dawo nan take, mai taushi, cike da ban haƙuri, ba ta taɓa ko gefen tambayarsa ba, domin na'ura ce ta rubuta. Abin da ya fi cin ransa ba kuɗin ba ne. Cewa ya yi, "Baba, sun mai da ni wawa."

Na san abin da za ku ce, don yaron nan mai shafin sayar da hotuna ya faɗa mini. Za ku ce an rage wa mai kwantiragin shekara farashi, saboda haka in ya saɓa alkawari dole ya biya. Na yarda, ɗari bisa ɗari. Sharaɗi ba haram ba ne, kuma ba kyauta kuka buɗe ba. Amma alkawarin da mutum bai san ya ɗauka ba, yaya za a ce ya saɓa? In rangwamen gaskiya ne, ku rubuta a gefen maɓallin, da baƙi mai girman na farashin: shekara guda ce, jimilla kaza, in ka fita da wuri za ka biya kaza. Wanda ya gani ya danna, ya ɗaure kansa da hannunsa, ba ruwanku. Dalilin da ya sa ba a rubutawa haka, ni da ku mun sani: in aka rubuta, masu dannawa za su ragu. To waɗanda suka ragu ɗin nan su ne waɗanda da yaudara aka kamo su.

Abin mamaki, ba sai mun je Amurka neman wannan hukunci ba. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta haura shekara dubu da rubutawa, kuma babinta na ciniki ya hana algus da yaudara da ɓoye aibu, har da yin shiru a kan duk wani abu na haja wanda in mai saye ya ji zai ja da baya. Malamanmu na Malikiyya sun shardanta a san farashi, a san wa'adi. Ku ɗora shafinku a kan wannan ma'auni ku gani. Dattawan da na tarar a kasuwar Kantin Kwari ba su san intanet ba, amma za ka ga mutum ya warware turmin atamfa da kansa ya nuna maka inda rini ya zuba, ya ce ga shi nan, in ka yarda in rage maka. In ka je gida ka dawo ka ce ka fasa, sau da yawa ya karɓi kayansa ya miƙo maka kuɗinka, yana neman ladan da addini ya yi wa mai karɓar uzurin wanda ya yi nadamar ciniki alkawari. Ba waliyyai ba ne, akwai 'yan damfara a cikinsu kamar ko'ina. Amma ɗan damfara ya san sunansa ɗan damfara, ba ya zama a taro yana kiran abin da yake yi dabarar riƙe kwastoma.

Mu ma a namu fannin, a shekarun 1990 hotuna a faifan CD suke zuwa. Ka biya sau ɗaya, faifan naka ne, ya kwana a durowarka har ya kakkarce. Hotunan ba su da kyan na yau, kowa a gari da irin murmushin Baturiyar nan guda yake talla, amma ba wanda ya taɓa zira hannu a aljihunka kana barci. Ban ce a koma can ba. Kewa ce kawai ta tsufa, ku bar ni da ita.

Ɓoye sharaɗi shi ne laifi na farko. Laifi na biyu ya fi shi muni a wurina, domin na farko ana iya cewa sakaci ne, wannan kuwa sai an zauna an tsara shi. Wato toshe mafita. Shiga dannawa ɗaya, fita kuwa tafiya ce: ka tabbata? Me ya sa za ka bar mu? Ga wata biyu kyauta. Ga ragin rabi. Ka san za ka rasa hotunan da ba ka sauke ba? A kowane mataki maɓallin "zauna" babba ne mai launi, na "fita" siriri ne kamar mai jin kunya. A ƙarshe a ce sai ka yi magana da ma'aikaci, ma'aikacin kuma ba ya nan. Wani ma ya gama duk wannan ya ɗauka ya fita, wata mai zuwa alat ya sake shigowa, domin akwai mataki na ƙarshe da bai gani ba. Wani masanin sana'arku ɗan Ingila, Harry Brignull, tun 2010 ya fara tattara irin waɗannan dabaru yana tona musu asiri, don masu tsara shafi su ji kunya su bari. Ku kuma kun mai da su darasin koyo. A ƙarar da FTC ta kai Amazon a 2023 kan rajistar tsarinsa na kuɗin wata mai suna Prime, an bayyana cewa hanyar sokewa tana da shafi 4, dannawa 6, da zaɓi 15, kuma ma'aikatan kamfanin da kansu sun raɗa mata sunan wata doguwar waƙar yaƙi ta Girkawa. A Satumban 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a kashe maganar. Waɗannan su ne manyan da kuke kwaikwayo? Su suna da biliyan da za su biya. Kai da ka kwafo tsarin, me ka tanada?

Haba 'ya'yana! Wani ne ya zaɓi launin tokar nan. Wani ne ya rage girman baƙin ya mai da shi ƙwayar gero. Ba manaja ba ne, manaja bai iya ba. Hannun mai zane ne, hannun da aka koya wa yadda ake jan idon mutum zuwa inda ake so, ya juya ilimin ya kawar da idon daga inda ya kamata ya duba. Kuma na ji ku da kunnena kuna zage-zage ran da kamfanin waya ya sa muku wata waƙar kira da ba ku nema ba yana zaftare muku kati. Wanzami ba ya son jarfa.

Ku yi haƙuri, na ɗaga murya. Na san da yawanku ba ku ke da shafin ba, aiki aka ba ku, mai kuɗi ya ce ga yadda yake so, kuma akwai bakuna a gida. Amma ko don kasuwa ku duba. Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya sake sa katinsa a ko'ina, ya gaya wa abokansa goma, su ma su ƙi. Wasu sun koyi buɗe katin dala na wucin gadi su bar shi fayau da zarar sun sauke abin da suke so. Wasu sun koma satar hoto gaba ɗaya. Ku dubi fostocin da ake mannawa lokacin zaɓe da kyau, za ku ga inda tambarin kamfani ya ratsa sararin samaniyar da ke bayan ɗan takara, an goge bai gogu ba. Mai asara a ƙarshe shi ne mai ɗaukar hoto, wanda dama rabonsa bai taka kara ya karya ba: tun Yunin 2020 da Shutterstock ya sauya tsarin biyansa, akwai hoton da ake saukewa mai shi ya samu santi 10 kacal.

Doka ma tana tafe, ko da da ɗingishi. Jamus ta wajabta tun Yulin 2022 cewa shafin da ake ƙulla irin wannan kwantiragi a kansa ya sa maɓallin sokewa a fili. FTC ta fitar da ƙa'ida a Oktoban 2024 cewa fita ta zama da sauƙi kamar shiga, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025 saboda ba a bi matakan kafa ta daidai ba. A nan gida dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshen da zai fahimta, a kuma nuna masa farashi. Shafin da aka gina don Bahaushe, sharuɗɗansa kuma shafi ashirin na Turancin lauyoyi, ku faɗa mini wa aka yi wa bayani.

Roƙona kaɗan ne. In mai aiki ya ce ku ɓoye mafita, ku nuna masa labarin Amazon, wataƙila tsoron asara ya yi abin da nasiha ba ta yi ba. Ku sa shafi ya aika saƙo kwana biyu ko uku kafin gwajin kyauta ya ƙare, da adadin da za a cire, da naira in mai sayen da naira yake biya. In mutum ya soke, a aiko masa da shaida a rubuce mai kwanan wata, wadda zai iya nuna wa banki. Kuma a ajiye ɗan Adam mai rai, ko guda ɗaya ne, wanda zai karanta koke ya amsa abin da aka tambaye shi.

Ku gaishe mini da iyayenku. Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Wassalam,
Babanku a sana'a, daga Kano.