Icirnawa: Iyaye sun kai kara, wa zai faɗa musu abin da 'ya'yansu suka iya?

Da an gama girbin gero a ƙasar Kance, tun kafin damin ƙarshe ya shiga rumbu, saƙon shugaban makaranta kan iso wurin mai gari: ana buƙatar kara. A ƙauyukan ƙaramar hukumar Icirnawa, kamar na ƙananan hukumomin Dungu da Tsauni da Kurni da Yawuri, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Magidanta su ɗauko a ka ko a amalanke, wasu su kawo dirkoki, masu hannu su saƙa zana, a kafa rumfa biyu ko uku a gefen ajin siminti. A ƙarƙashin rumfar nan 'yan aji ɗaya za su zauna a ƙasa, ƙaramin allo a cinya, har ruwan farko ya zo ya tashe su. A takarda, ana buɗe makarantu a watan Oktoba. A aikace, ajin zana yakan jira karan gero ya bushe.

Duk da haka, in aka zauna taron ilimi a Damagaram ko a Yamai, da wuya a tashi ba a ɗora wa iyayen karkara laifi ba: ba su damu ba, ba su san darajar boko ba, sun fi son yaro a gona. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ta bar babban abu a baya. Mutumin da ya sadaukar da karan da dabbobinsa za su ci, ya ba da kuɗin alli, ya saki ɗansa daga kiwo wata takwas a shekara, bai kamata a kira shi marar damuwa ba. Abin da aka hana shi ɗaya ne, kuma shi ne mafi muhimmanci: hanyar da zai gane ko yaron nan yana koyon wani abu.

A ƙarshen zangon karatu yaro yakan dawo gida da takardar sakamako. Uba ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. An rubuta da Faransanci, da lambobi, maki kaza bisa goma, na kaza a aji. Sai ya tambaya: "To, ka ci ko ka faɗi?" Yaro ya ce ya ci. Uba ya ce madalla, ya ninke takardar ya cusa a aljihu. Iyakar abin da ke tsakaninsa da lakwal, wato makarantar boko, ke nan sai wani zangon.

Wannan uban kuwa, in batun makarantar allo ne, ba mai yi masa wayo. Ko da shi kansa bai yi nisa ba, ya san inda ɗansa yake. Da asuba zai ji shi yana biya karatu, ya san ran da aka wanke allo aka rubuta sabo, ya san izu nawa ya rage, in yaro ya daɗe a sura ɗaya zai je ya gaida malam ya tambayi dalili. Ran sauka kuwa gari duka shaida ne. Makarantar allo ta ba shi ma'aunin da kunnensa ke iya riƙewa. Lakwal ba ta ba shi komai ba sai lambar da wani ya rubuta, a harshen da ba ya ji. Shi ya sa yaro kan shekara shida yana sammako, daga aji ɗaya har aji shida, gida na zaton ana karatu, sai ran da aka miƙa masa wasiƙa ko takardar asibiti ya kasa karantawa asiri ya tonu.

Irin wannan yaron ya fi yawa. Gwajin PASEC, wanda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ke yi wa 'yan firamare, ya nuna a 2014 cewa a Nijar yaran da ke gama aji shida da ƙwarewar karatu gwargwadon yadda ake so ba su kai 10 cikin 100 ba, haka ma a lissafi. A zagayen 2019 an samu ci gaba, masu iya karatun suka kai kimanin 30 cikin 100. Ci gaba ne na gaske, amma ma'anarsa ita ce cikin yara goma da ke fita daga firamare, bakwai ba su kai ba. Iyayen bakwai ɗin nan, nawa ne aka taɓa zaunar da su aka faɗa musu a Hausa ƙarara?

Hukumomi sun daɗe da gane cewa sai da iyaye makaranta ke tsayuwa. Tun farkon shekarun 2000 aka kafa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka sani da COGES, daga baya aka mai da su CGDES, ga kuma ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata. Shirin "Makaranta Don Kowa" na hukumar JICA ta Japan ya fara a jihar Tawa a 2004, ya shigo Damagaram, kafin a baza tsarin a ƙasa baki ɗaya. Shi ya kawo zaɓen 'yan kwamiti ta ƙuri'ar sirri, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gari inda aka saba mai gari ya nuna nasa.

Amma ga darasin da ba a cika ambata ba. A ƙarshen 2007 an yi wani gwaji a makarantu 1000 na jihohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin rabinsu 'yan kuɗi su kashe yadda suka ga ya dace, rabi ba a ba su ba. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, suka bi diddigin abin da ya biyo baya. Iyaye sun ƙara zuwa taro, sun ƙara ba da gudummawa, an gyara azuzuwa, yara ƙanana sun fi zama a makaranta. Sakamakon jarrabawa kuwa bai motsa ba, kuma fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Iyayen sun yi niyya, sun yi ƙoƙari, sai dai sun zuba ƙarfinsu kan abin da idonsu ke gani, wato gini da katanga da kayan aiki. Abin da ke faruwa tsakanin malami da yaro a cikin aji ya fi ƙarfin ganinsu, kuma manomin da bai taɓa zama a benci ba yana jin nauyin ya tsare malami da tambaya.

Ba kuma adalci ba ne a mai da malami saniyar ware. Mafi yawan masu riƙe da alli a ƙauyukan Nijar malaman kwantaragi ne, albashi kaɗan, ga jinkiri, ga tafiya gari don karɓo shi, wadda kan cinye kwana biyu ko uku na karatu. Da yawa an tura su aji ba tare da isasshen horo ba. Lokacin da minista Daouda Mamadou Marthé ya sa aka yi musu jarrabawa a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu matsakaicin maki. Mutum ɗaya, yara saba'in ko tamanin a gabansa, littafi ɗaya ga yara da dama, rumfa tana zubo rana, kuma an ce ya koyar da karatu a harshen da yaron bai taɓa ji a gida ba, shi kansa malamin yana fama da shi. Azuzuwan zana a Nijar sun kai kimanin 36,000 bisa ƙiyasin hukuma, kuma gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021 da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda aƙalla yara ashirin suka rasu a kowacce, sun nuna cewa haɗarinsu bai tsaya ga ɓata lokaci ba.

A ƙasar Kance, in iyaye suka yanke ƙauna da makaranta, akwai wata hanya a buɗe, kuma kowa ya san ta. Yanki ne mai cunkoson jama'a, gonaki sun tsuke saboda rabon gado, lambun rake da kayan miya ba ya isar kowa. Maza kan tsallaka Ɗan Barto su shiga Najeriya ci-rani, mata kuma shekaru da dama suna kwasar yara zuwa Aljeriya bara. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, kuma akasarin mamatan daga wannan yanki suka fito. Talauci ne ya kora su, ba lakwal ba. Amma uwar da ake roƙo ta bar 'yarta a aji tana da lissafinta: ga maƙwabciya ta dawo daga arewa da kuɗin kwanon rufi, ga yayan yarinyar ya gama aji shida bai iya rubuta sunan garinsu ba. Dokar 2017 da ta ce a riƙe yarinya a makaranta har shekara 16 ba ta amsa wannan lissafin. Abin da zai amsa shi sai uwar ta ji da kunnenta 'yarta tana karatu.

An riga an gwada hanyar, kuma a Nijar ɗin aka gwada. A matakin da ya biyo baya na shirin "Makaranta Don Kowa", an riƙa yi wa yara ɗan gwajin lissafi mai sauƙi, sannan a kira babban taron gari a faɗi sakamako a fili: yara kaza ne a aji huɗu, kaza ne kawai suka iya ragi. Daga nan jama'a da kansu su tsara ƙarin sa'o'in karatu da yamma ko ranar hutu, a samu matasan gari da suka yi kolej su taimaka wa malamai, a raba yara bisa abin da suka iya. Binciken da Eiji Kozuka na cibiyar nazarin JICA ya yi ya gano cewa kuɗi kaɗai bai ɗaga maki ba, amma da aka haɗa kuɗin da horon da ke nuna wa iyaye matsayin 'ya'yansu, maki ya tashi. A Indiya, ƙungiyar Pratham tun 2005 take bin gida-gida tana miƙa wa yaro takarda ɗaya mai baƙaƙe da kalmomi da ɗan labari, ya karanta a gaban iyayensa. Ba a buƙatar kwamfuta, ba a buƙatar gini.

Sai dai a Icirnawa gwajin ba zai yi amfani sosai ba in da Faransanci aka yi shi, don uba ba zai bambance mai karatu da mai haddar sauti ba. A nan batun harshe ya shigo, kuma abin takaici ne cewa jihar Damagaram ce ta fara: a birnin ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa. A Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Shekara hamsin da ɗoriya ana gwaji, ana taro, ana rahoto. Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki da shi ya fi saurin kama karatu, kuma Faransancin ma ya fi zauna masa daga baya. Ga wata riba da ba a cika lissafawa ba: da daddare zai iya karanta wa kakarsa shafi guda, ta gyara masa inda ya yi tuntuɓe, don ta san yadda ake faɗar maganar.

An maido da jarrabawar kammala firamare ta CFEPD a 2024 bayan kusan shekara goma da dakatar da ita, kuma iyaye da yawa sun yi murna, don ko ba komai za a san wanda ya ci da wanda ya faɗi. Matsalar ita ce labarin yana zuwa a shekara ta shida, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Yaron da bai iya karatu a aji biyu ba, a aji biyu ya kamata gidansu su sani.

Su ma iyaye akwai nasu. Mai cire yaro ranar kasuwa, mai tura yarinya talla da safe, mai ƙin zuwa taro sai an ce za a raba wani abu, duk suna nan, kuma ba wanda zai wanke su. Amma ya fi sauƙi a tuhumi uba kan fashin ɗansa in an riga an nuna masa abin da fashin ke jawowa.

Abin da ake nema daga sufeton makarantu na yankin, da shugabannin makarantu, da 'yan kwamitin CGDES na Icirnawa bai kai kuɗin buhun siminti ba. A ranar da aka tara gari don neman kara, a zo da 'yan aji biyu da aji uku, a zo da shafi ɗaya na labari da Hausa da 'yan tambayoyin tarawa da ragi, a gwada su ba tare da tozarta kowane yaro ba, a faɗa wa jama'a adadin waɗanda suka iya da waɗanda ba su iya ba. A sake yin haka a tsakiyar shekara, a sake kafin ruwa ya sauka. Iyayen da suka kafa rumfar suna da haƙƙin sanin abin da ake yi a ƙarƙashinta, kuma bana ya kamata a fara faɗa musu.