Kafin Ku Ce Ta Ci Amana

Shekara goma sha ɗaya yayata ta yi tana riƙe da adashin matan layinmu a Ƙofar Kaura, babu littafi babu biro. Mata ashirin da huɗu ne, kuma ta san wadda ta zuba, da wadda ta ce a ɗaga mata zuwa Juma'a, da wadda kwasarta ta kusa. Maɗinkiya ce, awon kafaɗa da tsawon hannun masu kawo mata ɗinki duk a ka take ajiye su. Wata ranar Laraba wata maƙwabciya ta ce ta ba ta zubinta tun da hantsi, Yaya ta ce ba a yi haka ba. Aka yi musu, aka yi rantsuwa, aka tara mutane a zaure. Bayan kwana tara sai ga kuɗin a aljihun keken ɗinki, a naɗe cikin ƙyallen atamfa, da irin ƙullin da ita kaɗai ke yi. Kafin su fito magana ta riga ta zaga unguwa, kuma fitowar tasu ba ta wanke ta ba. Cewa aka yi asiri ne ya tashi tonuwa, shi ya sa ta mayar.

Ba don in wanke yayata nake wannan rubutu ba, hoton ƙwaƙwalwarta ya riga ya yi wannan aikin. Ƙarar al'adarmu na kawo, wadda ta ɗauki mantuwar matashi a matsayin aibin hali. Tsoho in ya manta sai mu ce shekaru ne, mu yi masa uzuri. Mace 'yar shekara talatin da uku kuwa, in ta manta, hukunci uku ne kawai a hannunmu: ko sakaci, ko rashin gaskiya, ko iskokai. Babu gurbin ciwo a cikin lissafin. Ina da'awar cewa wannan hukunci zalunci ne, kuma yakan fi ciwon kansa ɓarna, domin ciwo ƙwaƙwalwa yake taɓawa, mu kuwa mutunci muke ci.

Ciwon da aka gano a jikin Yaya, bayan shekara biyu ana yawo da ita, ba shi da suna a Hausa. Likitoci suna ce masa maltiful-sikilarosis, a taƙaice MS, kuma rabin dangi da suka ji sunan sun ɗauka sikila ake nufi, har ana tambayar yadda aka yi ta kai wannan shekaru ba a sani ba. Babu abin da ya haɗa su. Jijiyoyin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suna da riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A wannan ciwo garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa rigar, ta bar tabo nan da can. Saƙo sai ya riƙa tafiya da jinkiri, ko ya ɓace a hanya. Inda tabon ya faɗa shi ke nuna irin alamar: wani ido ne zai yi masa dishi-dishi, wani ƙafa ce za ta sage, wani gajiya ce wadda barci ba ya warware ta. Alamun sukan zo su tafi su dawo, kuma wannan zuwa da tafiya shi ya fi cutar da mai ciwon a idon jama'a, don mun saba cewa ciwon gaskiya kwantar da mutum yake yi.

Taɓuwar tunani ba sabon labari ba ne a wannan ciwo. Likitan nan Bafaranshe, Jean-Martin Charcot, wanda ya fayyace shi a asibitin Salpêtrière da ke Faris a 1868, ya lura tun a zamaninsa cewa masu fama da shi sukan sami raunin tunawa da jinkirin tunani. Binciken zamani ya nuna cewa tsakanin kashi 40 zuwa 65 cikin ɗari na masu ciwon sukan gamu da wani nau'i na wannan matsala. Abin da ya fi taɓuwa shi ne saurin sarrafa bayani. Hankali yana nan, ilimi yana nan, amma ƙofar shiga ta ƙuntata. Sau da yawa abin da muke kira mantuwa bai ma zauna a ka ba tun farko. Ranar da aka miƙa wa Yaya kuɗin nan, keke yana gudu, rediyo yana magana, yaro yana kuka a bayanta, wata tana tambayar kuɗin leshi. Hannu ya karɓa ya ƙulle, kai bai rubuta ba. Da ta rantse ba a ba ta ba, iyakar gaskiyar da ta sani ta faɗa.

Me ya sa wannan ya yi mana wuyar fahimta? Ina ganin domin mu mutane ne masu alfahari da hadda. Katsina garin malamai ne, garin Gobarau da Wali Ɗan Marna, inda yaro kan wanke allonsa bayan karatu ya koma ƙirji. A kasuwa ana yaba wa ɗan kasuwar da bashinsa ke ka, marokin da ya jero asalin gida har kaka na bakwai shi ake yi wa kari. Wannan gado ne mai daraja, ba na raina shi. Amma ya haifar mana da wata ɗabi'a: mun mayar da ƙarfin tunawa ma'aunin amana. Wanda ya tuna ya damu da kai, wanda ya manta ya raina ka. Yaya ta manta ranar sunan 'yar ƙawarta, aka yi wata huɗu ba a gaisa ba. Ta tsaya a tsakiyar magana tana laluben kalmar "almakashi", abin da ke hannunta kullum, 'yan koyo suka riƙa ƙunshe dariya. Da ta fara yawo da ƙaramin littafi, wata dattijuwa ta ce mata, "Ke 'yar nan, yaushe kika fara boko a kan kuɗin 'yan'uwanki? Rashin yarda ne ya kawo haka?"

Abin mamaki shi ne addinin da muke bi ya fi mu sassauci a nan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu, ba a bar shi a hannun tunawa ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahlari ko Ishmawi ya san babin ƙabli da ba'adi, wato an tanadi gyara ga wanda ya yi rafkanwa a tsakiyar salla. Malaman Malikiyya ma sun ware hukunci mai sauƙi ga wanda kokwanto ya zame masa jiki, don kada ibada ta zama masa azaba. Idan an yi wa bawa uzurin mantuwa yana tsaye gaban Ubangijinsa, da wane dalili maƙwabci zai hana shi uzuri a kan dubu biyar?

Sai batun iskokai. Ba na cikin masu yi wa addu'a izgili, mun yi ta kuma muna yi. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita madadin bincike. Wata takwas aka yi ana turara Yaya da hayaƙi, ana ba ta jiƙe-jiƙe, ana zargin wata da ba ta ji ba ba ta gani ba da yi mata sammu. Da yake ciwon kan lafa da kansa bayan 'yan makonni, duk lafawa sai a ce maganin ne ya ci, duk dawowa sai a ce an sake jifa. Mai magani bai taɓa faɗuwa ba a wannan lissafi. Mai ciwo ce ke asara, domin magungunan da ke rage yawan tashin ciwon, waɗanda aka fara amincewa da na farkonsu a Amurka a 1993, sun fi amfani idan an fara su da wuri, kafin tabo ya yi yawa.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan ciwon Turawa ne, kuma a jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da 'yan bindiga, ɓata tawada ne a tsaya kan abin da bai fi a ƙirga masu shi da yatsu ba. Akwai gaskiya a ciki. Ƙididdigar da Ƙungiyar MS ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke da ciwon a duniya, mata sun ninka maza kusan sau biyu, kuma ya fi yawa a Turai da Arewacin Amurka, ya yi ƙaranci a Afirka kudu da Sahara. Amma ƙididdiga abin da aka gano take ƙirgawa. Ba a tabbatar da wannan ciwo sai da likitan jijiya da hoton MRI, mu kuwa sai da muka sayar da keken ɗinki ɗaya muka tafi Kano kafin a ɗauki hoton. Mace nawa ce a Batagarawa ko Rimi ko Kaita za ta kai ga wannan na'ura? Wadda ba ta kai ba, ba ta shiga lissafin kowa, sai dai lissafin masu aljanu. Kuma ko da a ce masu ciwon goma ne a duk faɗin jihar, hukuncin da muke yanke wa mai mantuwa bai tsaya kansu ba. Yana faɗawa kan wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai farfaɗiya, da wanda ya bugu a ka a hatsarin babur, da mai jego da ciwon damuwa ya danne. Ba kowace mantuwa ce MS ba, mafi yawanta ma ba shi ba ne. Abin da nake nema shi ne idan matashi mai kaifin tunani ya sauya, a fara da tambayar me ya same shi kafin a tambayi me ya aikata.

Likitoci ma ba su kuɓuta ba. A wani asibiti da ba zan ambata ba, an duba ƙafar Yaya, an buga mata guduma a gwiwa, an haska idonta. Da ta ce tana mantuwa sai aka ce, "Hajiya, kowa ma yana mantuwa, ki rage tunani." Alhali akwai gwajin takarda da biro da ake yi cikin daƙiƙa 90, inda ake haɗa alamomi da lambobi, wanda masana suka amince da shi wajen auna saurin tunanin masu wannan ciwo. Ba ya bukatar lantarki ko na'ura. Yana bukatar likitan da ya yarda cewa koken mara lafiya bayani ne.

Abin da ya dawo wa Yaya da rayuwarta ba shi da tsada, kuma nan ne haushina ya fi yawa, don da an yi shi tun farko da ba a kai ga zaure ba. Littafi ɗaya ne, ba biyu ba, yana rataye a jikin keke. Duk wadda ta kawo zubi sai ta tsaya an rubuta a gabanta ta dangwala hannu. Ba a yi mata magana keke yana gudu. In saƙo mai muhimmanci ne sai ta maimaita shi da bakinta, a ji ta faɗa daidai. Magunguna an ɗaure su da lokutan salla, tunda kiran salla ba ya kuskure, sauran alƙawura kuma ƙararrawar waya ke tuna mata. Makulli da almakashi da tef kowanne yana da ƙusarsa a bango. Lissafi da yankan yadi mai tsada da sassafe take yinsu, kafin gajiya ta sauko.

Zafi kuwa sai da muka koyi jin tsoronsa. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin wasu masu ciwon yakan dushe na ɗan lokaci idan sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumamar jiki ce sanadi. A Katsina, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matar da ke da kaifi da asuba takan zama kamar wata daban da azahar, sai mutane su ce ai ga shi nan, in ta ga dama tana tunawa. Ruwan randa da jiƙaƙƙen mayafi da inuwa sun yi mata abin da faɗa bai yi ba.

Akwai wata dabara da ta fi burge ni. A 2013 masu bincike a Gidauniyar Kessler ta Amurka, ƙarƙashin Nancy Chiaravalloti, sun wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa koya wa masu MS su saka abin da suke son tunawa cikin labari, su kuma zana hotonsa a zuci, yana inganta koyonsu. Zama goma aka yi da kowane mara lafiya. Na karanta na yi dariya, don mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi ba sai an koya mana ɗaure abu a jikin labari ba. Yanzu in za ta aiki kanta kasuwa, Yaya takan ƙulla 'yar tatsuniya: zare ya hau rakumi, rakumi ya taka zif, zif ya kai ƙara wurin maɓalli. Takan dawo da su duka.

Duk waɗannan dabaru sun dogara ne da yardar mutanen da ke kewaye. Littafi ba ya aiki idan mai zubi ta ɗauki rubutu zagi. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta yi tanadi mai kyau, har da ware kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Amma nakasar da muka iya gani ita ce mai sanda da mai keken guragu. Malamar makarantar da ke bukatar a ba ta umurni a rubuce, ko ma'aikacin da ke bukatar ofis marar hayaniya, in suka nema sai a ce gata suke so. Doka ba za ta shiga zauren gidanmu ta hana a kira mace ɓarauniya ba. Wannan aikin malamin da ke wa'azi ne, da mai unguwa, da uwar miji, da ni da na yi kwana tara ina kallon yayata da wani ido.

Mata goma sha ɗaya ne suka dawo adashin. Maƙwabciyar da aka yi rigimar da ita ba ta cikinsu, ko da yake takan aiko da ɗinki ta hannun 'yarta. Ran nan yarinyar ta kawo atamfa, ta fara zayyano yadda uwar ke son wuya da hannu. Yaya ta ɗaga ƙafa daga keke, ta jawo littafin, ta ce, "Dakata, 'yata. Faɗa mini ɗaya bayan ɗaya."