A wanke kaset ɗin Ɗan Maraya, amma kada a sa masa fiyano



Tun da muka tashi daga taron ranar Lahadi maganar nan take cina a rai, kuma tunda ban samu damar faɗin nawa a wurin ba saboda ina riƙe da biro, bari in faɗe shi a nan.

Waɗanda suka halarta sun san abin da ya faru. Bayan an gama lissafin kuɗin wata, wani ƙanenmu ya kunna mana waƙar Karen Mota ta marigayi Dokta Adamu Ɗan Maraya Jos daga wayarsa. Ya ce sabuwar fita ce, an gyara ta, an wanke ta tas, a wurin wani mai tura waƙoƙi a wajen Taminus ya samo ta. Muka kasa kunne. Murya dai tasa ce, babu ko tantama. Amma a ƙarƙashin muryar ga gangar kwamfuta tana dukan ƙirji, ga fiyano, ga amsa-kuwwa kamar mutumin yana waƙa daga cikin rijiya. Kuntigin kuwa, sai ka yi da gaske kafin ka ji ɗuriyarsa can baya, kamar baƙon da aka bari a zaure.

Nan take ɗaki ya rabu biyu. Samari suka ce ai yanzu ne waƙar ta yi daɗi, yanzu ne za a iya sa ta a gidan biki, kuma da haka ne yaran yanzu za su san Ɗan Maraya. Dattawa suka ce kada a taɓa komai, ko shuuu ɗin nan da kaset ke yi a bar shi, don da shi suka saba. Ni ban bi kowane ɓangare ba, amma kuskuren nasu ba girmansa ɗaya ba. Dattawa sun yi kuskuren da ba ya cutar da kowa. Na samari kuwa, idan aka bar shi, nan da shekara ashirin babu yaron da zai san yadda Ɗan Maraya yake.

Bari in fara da Baba da Alhaji, don nasu gajere ne. Ranku ya daɗe, shuuu ɗin nan ba Ɗan Maraya ne ya yi shi ba. Ƙarar zaren kaset ce, kuma duk lokacin da aka kwafi kaset daga wani kaset sai ta ƙaru. Yawancin kaset ɗin da ke cikin akwatunanmu jikan jika ne, an kwafa daga kwafi har sau biyar ko shida kafin ya iso hannunmu. Wani ma rikodar da aka kwafe shi da ita tana gudu fiye da ƙima, sai muryar ta siranta ta koma kamar ta yaro, mu kuma muka saba da hakan har muna zaton haka muryarsa take. Wanda ya rage wannan ƙara, ya mayar da gudun kaset daidai, ya cire ƙas-ƙas ɗin da tsohon faifan garmaho ke yi, bai taɓa waƙar ba. Ƙura ya share mata.

To amma abin da aka kunna mana ranar Lahadi ba shara ba ce, gyaran gangar Auzinawa ne.

Ku tuna wane ne mutumin nan. An haife shi a Bukur a 1946, ya rasa iyayensa tun yana ƙarami, daga nan sunan ya samo asali. Ya rasu a nan Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. A tsakanin nan abin da ya riƙe shi ne kuntigi: gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, da ɗan sanda, da tsirkiya guda ɗaya tak. Da wannan ya zagaya ƙasashe, da shi ya samu lambobin girma na ƙasa, da shi Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Kada kowa ya ce rashin kayan kiɗa ne ya sa. A zamaninsa, a cikin garin nan, akwai Sahara All Stars da jita da ƙaho da gangunan Bature. Yana ganinsu, yana jinsu, ya zaɓi ya zauna shi kaɗai da tsirkiyarsa, babu ko 'yan amshi. Wannan zaɓi shi ne aikin. Talaka ne yake wa talaka magana, karen mota da lebura da yarinyar da aka yi wa auren dole, da kayan kiɗan da kowane yaro zai iya haɗawa a bayan gida. Wanda ya zo bayan ransa ya lafta masa fiyano, cewa yake yi Ɗan Maraya bai san abin da yake yi ba, shi ne zai ƙarasa masa.

Akwai kuma ɓarnar da kunne ba ya kamawa nan take. Gangar kwamfuta ba ta jira, ba ta sauri, bugunta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Makaɗin Hausa kuwa ba haka yake tafiya ba. Yakan ja baya idan magana ta yi nauyi, ya ƙara wuta idan zai yi zambo, ya ɗan tsaya ya bar tsirkiya ta amsa masa. Kafin a ɗora irin wannan murya a kan bugun inji, dole a yayyanka ta, a ja wani wuri, a matse wani, a cire numfashin da ke tsakanin ɗiyan waƙa. Ni a kunnena wannan numfashin ne ke sa dariya ta zo a inda ya kamata ta zo. A wanda muka ji ranar Lahadi babu shi. Kalmomin suna nan, amma mai maganar ba ya nan.

Abin ya fi muni idan aka zo kan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a Yunin 1999, don shi ma na ji an fara yi masa irin wannan. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsirkiyoyin da hammatarsa yana bin hawa da saukar harshen Hausa, har wanda ya sani ya ji take da kirari ba tare da an buɗe baki ba. Ka danne kalangun Shata da bugun kwamfuta, ka toshe bakin rabin masu magana a cikin waƙar ke nan.

Wani zai ce ai Turawa ma suna yi. Suna yi, amma mu duba yadda suke yi. A 2009 aka sake fitar da fayafayan ƙungiyar Beatles bayan injiniyoyin situdiyon Abbey Road da ke Landan sun shafe shekara huɗu a kansu. Daga zaren asali suka ɗauko, ba daga kwafi ba. Cikin minti 525 na waƙoƙin, wanda suka sa wa na'urar rage ƙara bai kai minti biyar ba, don tsoron kada garin neman gira a rasa ido. Da Giles Martin ya sake haɗa sautin wani faifansu a 2017, an rubuta ƙarara cewa sabon haɗi ne, kuma tsohon yana nan ga mai so. Duk da haka masoyansu har yau suna gardama a kai. Mu kuwa an ƙara kayan kiɗan da ba su cikin waƙar, an bar sunan mamaci a kai, babu ko kalma ɗaya da ke nuna wani ya sa hannu.

Ba sai mun je Ingila ba ma. Waƙar Sahara All Stars ta nan Jos da ta Bala Miller, ɗan Pankshin, suna cikin faifan Nigeria 70 da kamfanin Strut ya fitar a 2001, faifan da ma sunan Legas aka liƙa masa. Kamfanin Soundway ya sake ɗauko wata waƙar Sahara All Stars a 2008. A Nijar, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin Mamman Sani na 1978 a shekarar 2013. Shi Mamman Sani da ogan mai lantarki ya yi nasa kiɗan, kuma babu wanda ya ce bari a ƙara masa kalangu don ya fi kama da na Hausa. Yadda suka same shi haka suka bar shi, kuma a haka duniya ta saya. Abin kunya ne baƙo ya fi mu sanin darajar kayanmu.

Don haka kada a ce fiyano nake ƙi. Yaron da yake son ya ɗauki waƙar Ɗan Maraya ya rera da muryarsa, ya sa duk kiɗan da ya ga dama, ya rubuta sunansa a kai, ya nemi izinin magada, ni zan fara saurara. Haka waƙa take rayuwa tun kaka da kakanni. Kuma maganar izini ba ra'ayina ba ne kawai. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato na Ɗan Maraya sai 2085, kuma ta hana a jirkita aikin mutum ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Ya bar iyali a garin nan. Wa ya tambaye su?

Hujjar samarinmu mafi ƙarfi ita ce da haka yara za su san shi. Ƙannena, wa za su sani? Yaron da ya fara jin Karen Mota da gangar kwamfuta, ranar da ya ji ta asali zai ce wannan ce ta bogi. Kuma ku san yadda waya take: wanda aka fi turawa shi ke zama na gaskiya. Mai tura waƙoƙi ba zai ajiye iri biyu ba, wanda ake tambaya zai bari, ya goge ɗayan.

Ga inda abin ya fi damuna. Muna nan muna musu a kan kwalliya, asalin kayan yana ruɓewa. Daminar Jos ba ta raga wa kaset, funfuna na cin zaren, yana mannewa, ya tsinke. Rikodar da za ta juya shi ma sai an sha wuya kafin a samu mai lafiya. Mu da muka ga gobarar babbar kasuwa a 2002 ba sai an gaya mana yadda abu ke ɓacewa a dare ɗaya ba. Alhali hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya a nan Jos take, kuma ma'ajiyar finafinai da bidiyo da sauti ta ƙasa tana ƙarƙashinta. Ga gidan rediyo da talabijin na jiha, ga Rediyon Najeriya Kaduna inda makaɗan Arewa suka yi ta shiga da fita shekara da shekaru. Mu nawa ne muka taɓa taka ƙafa muka tambayi abin da ke ajiye a wuraren nan?

Shawarar da zan kawo a taro mai zuwa ita ce: duk mai tsohon kaset ko faifai na Ɗan Maraya, ko Shata, ko Ɗanƙwairo, ko Barmani Coge, ko Haruna Uji, ya kawo aro, musamman wanda aka saya da takardarsa ta kamfani. Za mu nemi wanda ya san aikin ya juye shi cikin kwamfuta yadda yake, ba tare da an matse shi ya koma ƙaramin fayil na waya ba, a ajiye wannan kwafin kada a taɓa. Sai a kwafi na biyu a yi shara, a rubuta abin da aka yi masa da wanda ya yi. Zan rubuta sunan kowa da adadin abin da ya kawo a littafin ƙungiya, kuma kayan kowa zai koma hannunsa. Wanda kaset ɗinsa ya yi funfuna, don Allah kada ya sa shi a rikoda don gwadawa, kada kuma ya shanya shi a rana. Ya kawo shi haka nan cikin kwalinsa.