Uwargida, Birkin Motar Gida Ya Shafe Ki

 Yau ba da maganar girki ko reno na zo ba, maganar birkin mota ce. Na san wata za ta ce, "Malama, ina ruwan biri da gada? Ai mota ta maigida ce." To, ki saurara. Wa ke zama a gaba riƙe da jariri ran da za a je awo? 'Ya'yan wa ake jerawa a baya kowace safiya za a kai makaranta? In birki ya ƙi ci a kan hanyar Kachia, ba ya tambayar sunan wa ke jikin takardun mota.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada, har kuɗin gareji. Na lura a unguwanninmu na Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, wasu magidanta sun koma sayen kayan birki su canza da kansu a ƙofar gida ran Asabar. Ban ga laifin wannan ba. Aiki ne da mai hankali zai iya, muddin ya fara koya a gaban bakanike. Abin da nake ja a kai shi ne a ce uwargida tana ɗaki ba ta san abin da ake yi ba, alhali ranta da na 'ya'yanta ne a kan aikin.

Bari in bayyana miki yadda abin yake, ba shi da wuya. A bayan kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe mai juyawa tare da ita. Takalman birki biyu suna nan a gefensa, ɗaya ciki ɗaya waje. Da direba ya taka birki, sai man birki ya tura su su matse faifan, mota ta tsaya. Kin san yadda jikinki kan tafi gaba in an taka birki? Haka nauyin mota ma yake yi. Shi ya sa ƙafafun gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, kuma takalmansu ke riga na baya cinyewa. Sabon takalmi kaurinsa kan kai milimita 10 zuwa 12. In ya sauko zuwa 3, lokacin canji ya yi.

Mota ba ta ɓoye ciwonta. In kika ji ƙara siririya kamar ana goga cokali a tukunya, takalmi ya kusa ƙarewa. In ƙarar ta koma gurnani, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, faifai na lalacewa. In sitiyari na rawa lokacin tsayawa, faifan ba daidai yake ba. Ki faɗa wa maigida da lafazi mai daɗi, ki kuma maimaita. Wanda ya ƙi sayen takalmi yau, gobe zai sayi takalmi da faifai. Rigakafi ya fi magani.

Ran da za a yi aikin a gida, ga abin da idonki zai duba. A ajiye mota a dandaɓe mai ƙarfi, ba a kan yashi ko gangare ba, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi. Jak na ɗagawa ne kawai, ba na riƙewa ba. Sai an tokare motar da ƙafar ƙarfen da aka yi don haka. Bulon siminti yakan farfashe ba tare da sallama ba. Yara kuwa ki kore su cikin gida har a gama.

A canza ƙafafun gaba duka biyu a rana ɗaya. In an yi wa dama sabo an bar hagu da tsoho, mota za ta riƙa fizga gefe ɗaya. Faifai ma haka, biyu ake canzawa. A jikinsa akwai lambar da masu ƙera shi suka buga, wadda ke nuna iyakar sirancin da zai yi. In ya kai nan, ko ya tsage, ko ya yi kwari mai zurfi, ba shi da sauran amfani. Sabon faifai yana zuwa da maiƙo don kada ya yi tsatsa, sai an goge shi tas. Kada a bar kan birkin yana reto a jikin tiyon mai, a ɗaure shi da waya. Ƙurar birki kuma ba a hura ta da baki, da jiƙaƙƙen tsumma ake sharewa, don tana cutar da huhu.

Ga babbar magana, ki riƙe ta ko da kin manta sauran. Bayan an mayar da taya an ɗaure noti, kada motar ta motsa sai an tattaka birki sau da yawa har ya yi tauri a ƙafa. In ba haka ba, takun farko zai tafi har ƙasa ba tare da ya kama komai ba. Daga nan a gwada ta a hankali a layin da ba yara. In birki ya ci gaba da laushi, ko aka ga mai na ɗiga, aikin ya wuce na gida, a kira bakanike. Man birki kuwa a zuba irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ne ko DOT 4. Ruwan sabulu da wasu direbobi kan zuba ganganci ne. Kuma man guba ne, kada ki yarda a ajiye shi a kwalbar lemo.

Wajen saye, arha ba ta ado. Takalmin jabu ko na hannu ba tattali ba ne. Ke da kike lissafin kuɗin cefane, ki ce a rage wani abu, amma kada a rage a birki.

Sai ku 'yan makaranta. Kun tashi a garin mota. A nan Kakuri aka fara haɗa Peugeot 504 a 1975, motar da iyayenmu ke kira Fijo. Ashe ba abin kunya ba ne 'yar Kaduna ta gama sakandare ba ta san sifana ba? Darasin gogayya da kuke yi a ajin kimiyya, shi ne birki. Sandra Aguebor, 'yar jihar Edo, ta zama bakanikiya, ta kuma kafa Lady Mechanic Initiative a 2004 don koya wa mata sana'ar. In Baba zai yi aiki, ki nemi izini ki tsaya kusa, ki miƙa masa kaya, ki yi tambaya. Wannan ba ya rage kunya ko tarbiyya.

Magidanta masu leƙa filinmu, kada ku ɗauka raini ne in uwargida ta tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.