A Rubuta Tun Ana Dariya

Duk shekara jihar Damagaram na tura ƴaƴanta bida: samari su nufi Libiya da Najeriya, matan Kance da Matamai su nufi Aljeriya, wasu har Makka. Kuɗi na isowa gida, a sayi fili, a ɗora gini, a tara bisashe. Amma da sunan wa? Nan ne kowa ke yin gum.

Mace ta shekara biyar tana aikatau a ƙasar mutane tana aiko wa miji, shi kuwa ya gina a filin gadonsu. Ranar da saki ya faɗo, da kwanukanta kaɗai za ta fita. Wata kuma mijin ne ya rasu a Sabha. Ita ta sayar da awakinta aka rufe ɗakin, amma ranar rabon gado an haɗa guminta cikin dukiyar mamaci, an miƙo mata tumuni.

Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Aure, saki da gado, al'ada ake bi, ko a gaban alƙalin fada ko a kotu. Alƙali kuwa hujja yake nema, hawaye ba sa zama shaida.

Shi ya sa nake cewa ma'aurata su rubuta yarjejeniyar dukiya, ko da sun yi jikoki. Mai cewa wannan al'adar Nasara ce, ya buɗe Suratul Baƙara aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo: kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Shari'a ma ba ta taɓa cakuɗa dukiyar mace da ta mijinta ba. Mai cewa rashin yarda ne, ya tuna cewa magada ba su san alkawarin da aka yi cikin ɗaka ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Indonesiya, sai a 2016 kotun tsarin mulki ta yarda a ƙulla irin wannan yarjejeniya bayan aure. Kafin nan, wadda ta auri baƙo ba tare da takarda ba, ba ta iya mallakar fili a ƙasarta.

Iyaye, kafin ƴarku ko ɗanku ya hau motar Agadas, ku zaunar da su. Malamai, ku ake kawo wa wasiƙa ku karanta, to ku rubuta musu wannan: wa ya kawo nawa, yaushe, me aka saya. Shaidu biyu, hatimin mai unguwa, kowa ya riƙe tasa.