Arlit: Wa Ya Ɓata Gari, Mai Bukka Ko Mai Taswira?



Akwai wata magana da nake yawan ji a tasha da kasuwa, har ma a bakin waɗanda suka yi lakwal mai zurfi. Suna cewa: "Arlit gari ne mai kyau da Turawa suka tsara. Ƴan ƙauye ne suka kwararo da bukkokinsu da awakinsu suka ɓata shi." Ni ban yarda da wannan magana ba. Ku ma kada ku yarda, don da ku ake. In an ce ƴan ƙauye, ai da ƙanenka ake, wanda ya tafi ci-rani arewa. Da ƴar uwarki ake, wadda ta bi mijinta can tana saida tuwo.

Bari mu faro daga tushe.

Arlit tana arewa da Agadas, tafiyar kilomita kamar 240. Kafin 1969 babu gari a wurin. Hamada ce, sai Abzinawa makiyaya da ke ratsawa da raƙumansu. Abin da ya kawo gari shi ne wani ma'adini da ke ƙarƙashin ƙasa, ana ce mishi uraniyom. Da shi ake yin wutar lantarki a Faransa da wasu ƙasashe. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1971 ya fara fitar da kaya. A 1974 aka kafa na biyu, COMINAK, ya fara fitar da nashi a 1978. Shi ma an gina ma ma'aikatansa gari nan kusa, sunansa Akokan.

Ku dubi garinku. Wani kakanku ne ya zo ya gina rijiya, ya sare daji ya yi gona. Dangi suka biyo shi. Aka yi masallaci, kasuwa ta fara ci. Gari ya girma sannu sannu kamar itacen kuka. Arlit ba haka aka yi ta ba. A takarda aka haife ta. Injiniyoyi suka zauna ofis, suka ja layi. Nan gidajen manyan ma'aikata. Nan na masu bi masu. Nan na lebura. Kowa da unguwarsa daidai da matsayinsa wurin aiki. Wannan ɓangare shi ake kira Site.

Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta: Site ta yi kyau. Pampo cikin gida. Wuta dare da rana. Lakwal, kantuna, gidan likita. Har da wurin ninkaya na siminti a tsakiyar hamada. Likitocin kamfani sun duba mutanen gari da yawa waɗanda ba ma'aikata ba ne, wannan ba a manta shi. An shimfiɗa kwalta tun daga Tawa, ta bi Agadas har Arlit, sama da kilomita 600, aka gama ta wajen 1980. Daga 1981 kamfanin SONICHAR ya fara ƙona gawayin ƙasa kusa da Cirozerin yana aika wuta. Mutane suka sa ma gari kirari, wai Faris ta biyu. Wanda ya dawo gida da rediyo da agogo da katifa, ba ya buƙatar ya yi dogon bayani. Gani ya kori ji.

To ina laifin taswira?

Laifinta shi ne ba ta iya lissafi ba. Mai zanen ya ƙirga hannuwan da za su haƙa rami, ya yi masu ɗaki ɗaki. Nan lissafinsa ya tsaya. Bai tambayi kansa ba: wa zai yanka ma waɗannan mutane nama? Wa zai ɗinka masu riga? Wa zai yi masu aski, wa zai yi wanki, wa zai koya ma yaransu allo? Mahauci da tela da wanzami da mai tuwo, ko ɗaya ba a ja mishi layi a takarda ba. Ga shi kuwa gari ba ya kwana ɗaya babu su.

Sannan akwai abin da kowace tsohuwa a ƙauyenku ta sani, injiniya bai sani ba. A ƙasarmu mai albashi ba ya cin abinci shi kaɗai. Ran da aka ɗauki mutum aiki, ran nan ƙanensa ya fara ɗaure kaya. Bayan ƙane sai ɗan yaya, bayan shi sai suruki, sai abokin suruki. Ba kwaɗayi ba ne, zumunci ne, da shi muke tsallake yunwa tun kaka da kakanni. Wanda ya gina ɗaki biyu ya ce na mutum ɗaya da matarsa da ɗiyansa ne kawai, ya gina ma mutumin wata ƙasa, ba namu ba.

Ga kuma fari. Manyanku sun tuna 1973 da 1974. Sun tuna 1984. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. Makiyayin da garkensa ya ƙare, ina za shi? Sai inda ya ji akwai ruwa da ɗan aikin gadi ko dako. Haka mutane suka taru gefen Site. Suka kafa zana da tabarma, da kwali, da tsofaffin duro da aka fasa aka miƙe. Daga baya mai hali ya yi laka. Har yau akwai unguwanni a Arlit da ake kira Bukkoki. Sunan ma ya ishe ku labari.

Masu waccan magana za su ce: "Ai ba wanda ya kira su." Ƙarya ne. Albashi ya kira su. Kwalta ta kira su. Matar ma'aikaci da ke neman ƴar aiki ta kira su. Kamfanin da ke neman lebura na kwana bakwai ya kira su. Ba ka zuba hatsi a tsakar gida sannan ka zagi kaji don sun taru.

Yanzu ku dubi abin da waɗannan mutane suka yi da hannunsu. Su suka raya kasuwa. Abzinawa, Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Barebari, da baƙi daga Benin da Togo da Gana da Najeriya, suka zauna wuri ɗaya, Hausa ta zama bakin ciniki. Ƴan gari ɗaya suka haɗa kai: baƙo ya sauka daga kamyo, ya tambayi ina mutanen Tasawa ko na Madawa suke, a ba shi tabarma da ruwa kafin ya samu abin yi. Mata suka kafa adashi. In an yi haihuwa a taru, in an yi rasuwa a haɗa kuɗin likkafani, a aika ma dangi saƙo kudu. Wasu suka yi lambuna a bakin gari, a wurin da ruwan sama ba ya isa ko ciyawa ta yi kirki. Duk wannan babu shi a takardar injiniya. Gidaje ya zana. Zaman tare kuwa masu bukka ne da matan ma'aikata suka ƙulla shi.

Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan dubu 80 a Arlit. Ma'aikatan kamfanonin biyu kuwa, ko lokacin da aiki ya fi haɓaka, ƴan dubbai ne. Ku yi lissafin da kanku. Mafi yawan mutanen gari suna zaune ne a wajen layin da aka ja. In taswira ta bar mafi yawan jama'a a waje, wa ya yi kuskure, jama'a ko taswira?

Akwai masu cewa kuma: "Kamfani ba gomnati ba ne. Nashi ya haƙa ya biya haraji." Wannan akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa ban ɗora ma kamfani laifi shi kaɗai ba. Wajen 1980 uraniyom ya fi rabin abin da Nijar ke saidawa waje. Da kuɗinsa aka ta da manyan gine-gine a Yamai. Masu mulki na lokacin sun san Bukkoki tana girma kowace shekara. Sun ga abin da ido. Aka bar gari biyu suna kallon juna: ɗaya da pampo, ɗaya da garwa a ka. Sai a 2006 dokar ma'adinai ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga haƙa a maida shi ga kananan hukumomin jihar da aka haƙa. Shekara 35 ke nan bayan fitar kayan farko.

Yanzu mu zo ga maganar ɓata gari, tunda su suka ta da ta.

Uraniyom yana da wata illa. Yana fitar da wani abu da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, harshe ba ya ɗanɗana. Sai da na'ura ake gane shi. In ya daɗe yana shiga jiki ta ƙura ko ta ruwa, yana iya kawo ciwo mai tsanani. A ƙarshen 2003 masu bincike na wata ƙungiyar Faransa, CRIIRAD, suka zo Arlit. Suka tarar ana saida tsofaffin ƙarafa na wurin haƙa a kasuwa, wasu da wannan illa a jikinsu. Wa ke sayen tsohon ƙarfe? Ba mai gidan siminti ba. Talaka ne, ya yi ƙyaure da shi, ya yi rufi, maƙeri ya ƙera kayan aiki. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ita ma ta auna. Ta samu wurare a titunan Akokan inda aka yi ciko da duwatsun rami masu illa. Ta ɗebi ruwa wuri biyar, huɗu daga ciki uraniyom ɗinsu ya wuce iyakar da hukumar lafiya ta duniya ta sa. Kamfani ya musanta wasu maganganun, amma ya je ya kwashe ƙasar wuraren da aka nuna a titi.

Ku faɗa mani, akuyar wa ta zuba duwatsun nan a titi? Bukkar wa ta fitar da ƙarafan nan?

Kuma wa ya fara ɗaga murya? Ɗan gari ne. Almustafa Alhasan, ma'aikacin SOMAIR, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Aghirin'man a farkon shekarun 2000. Ma'anar sunan da Abzinanci garkuwar rai. Su suka nemi a zo a auna. A 2017 aka ba shi wata babbar kyauta saboda wannan aiki. Ashe mutanen da ake cewa sun ɓata gari, su ne suka tsaya tsaron lafiyarsa.

Taswira ba ta yi shirin ranar da kasuwa za ta faɗi ba. Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya karye. Aka yi ta rage ma'aikata. Wanda aka sallama, gidan Site ba nashi ba ne, na kamfani ne. Ya miƙa makulli. In bai koma garinsu ba, ina ya nufa? Bukkoki, wajen waɗanda ake raina wa. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe gaba ɗaya, bayan ya fitar da uraniyom ton dubu 75. Ma'aikata kamar 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Abin da ya bari a bakin Akokan shi ne tulin dusar dutse mai illa, kusan ton miliyan 20. Kamfani ya yi alkawarin rufe tulin da laka da duwatsu. Manyan ma'aikata suka ɗaure kaya suka tafi. Mai tuwo tana nan. Tela yana nan. Da aka samu zinari a Jado da Cibarakaten a 2014, kasuwar Arlit na cikin wuraren da masu haƙa ke sayen abinci da kayan aiki. Kasuwar da ba a yi lissafi da ita ba, ita ta riƙe gari.

Me ya sa nake gaya maku wannan, ku da ke Maraɗi da Damagaram da Tawa? In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. An kafa matatar man fetur arewa da Damagaram a 2011. Ga siminti a Malbaza. Kuma kowace ƙaramar hukuma tana yanka filaye a bakin gari, sau da yawa a kan gonakinku. Ran da aka zo da babbar takarda aka shimfiɗa gaban mai gari, kada ku tsaya baya kuna cewa aikin masu ilimi ne. Ku matso. Ku ce a nuna maku da yatsa: ina kasuwa, ina rijiya ko pampo, ina maƙabarta, ina burtalin dabbobi? Baƙon da zai zo neman aiki, ina zai kafa zanarsa? Shara da dattin aikin, ina za a zuba su, kuma iska daga wane gefe take busowa? Ran da aiki ya ƙare, gidajen na wa ne? Mata, ku ma ku tambaya, don ku ke ɗaukar ruwan.

A watan Yuni 2025 gomnatin Nijar ta ba da sanarwar maida SOMAIR hannun ƙasa. To, madalla. Daga ranar babu sauran cewa Bature ne ya ja layi. Alƙalami ya dawo hannun ƴan ƙasa. Abin da nake jira in gani shi ne sabuwar takarda wadda Bukkoki ke cikinta da sunanta, da layin pampo, da magudanar ruwa, da ranar da za a gama rufe tulin nan na Akokan, kuma a karanta ta da Hausa da Abzinanci a tsakiyar kasuwar Arlit.